Kafin Ƙasa Ta Daskare

Mu biyu muka rage a benenmu mai hawa biyar, ni da maƙwabcina na hawan ƙasa, Kawu Gena. Tun da aka rufe mahaƙar kwal mutane suke ta zarewa, a miƙa wa hukuma mukulli a kama hanya, don gida a nan ko kyauta ba mai karɓa. Ni ma 'yata Larisa ta hana ni sakat daga kudu: "Mama, kuɗin tumatir ɗaya a wurinku bokiti ne a nan. Gadin me kike yi, ƙanƙara?" Gaskiyarta. Sanyin wata tara ya cinye mini gwiwoyi, fanshona kuma a kanti yake ƙarewa. Na yanki tikiti.

Sati biyu ina ɓoye masa, kunya kamar ta kashe ni. Shekararsa saba'in da tara, ba ɗa ba jika. Kullum da safe yakan buga bututun ɗumama ɗaki da cokali, in mayar masa daga sama, kowa ya san ɗan'uwansa ya kwana da rai. In na tafi, ba mai ji.

Ranar Lahadi na sauka masa da miyar kabeji.

"Albina, yau har da nama? Wa ya mutu?"

"Kawu, tafiya zan yi. Wurin Larisa."

Bai ajiye cokalin ba. "Ai ina jin ki kina jan akwatuna a kaina. Kurma kika mai da ni?"

"Ka biyo ni mana."

"In je in narke? Galya fa, wa zan bar wa?"

Galya matarsa ce, shekara goma ke nan tana maƙabartar bayan gari. Na fashe da kuka, ya ce in bari, miyar ta ji gishiri.

"Jirgin naki ran nawa?"

"Ashirin ga Agusta."

"Madalla. Lokacin ƙasa ta saki."

A nan sati shida kacal a shekara ƙasa take yarda da shebur, sauran duk a daskare take. A da, in mutum ya mutu lokacin sanyi, masu haƙar kwal ne ke ƙona tayoyi a kan ƙasa kwana biyu ta narke kafin su iya haƙa kabari. Yanzu babu su.

"Gefen Galya akwai fili," in ji shi. "Ni in sara, ke ki kwashe, mu rufe da katako. Duk wanda ya tsince ni, kada ya sha wahala."

Ranar Asabar muka fara. Ya miƙe a kan ciyawa, na auna tsawonsa da igiyar shanya.