Jakin da Ya Ɗaura Ƙaho

Daga aji huɗu na bar makaranta. Na yi faci, na yi wankin mota, na taɓa ɗinki, babu inda na zauna. Abin da ya rage mini na boko shi ne littafin karatuna, wanda Inna ta ɗinke bangonsa da zare ta adana a akwatinta.

Inna ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Amma duk ranar da jikoki suka zo, sai ta buɗe littafin a cinyarta, ta ɗora yatsa kan rubutu, ta ba su labarin jakin da ya ɗaura ƙahon bijimi. Hotunan take bi. A wurinta, jakin ya ɗaura ƙahon ne don kura ta tsorata ta ƙyale ɗansa. Har kukan kurar take yi. Yaran sun ɗauka karantawa take.

Ranar Asabar ina tsakar gida ina liƙe tayar keke, sai 'yar yayata, wadda muke kira Malama, ta leƙa shafin. Bana ta shiga aji uku.

"Kaka, ba haka aka rubuta ba! Girman kai ne ya sa shi, dabbobi suka yi masa dariya. Ko kura babu."

Yatsan Inna ya tsaya cak. Yaran suka zuba mata ido.

"Kawu, zo ka duba," in ji Malama.

Na karɓa na karanta a zuci. Da gaskiyarta, layi shida ne kacal. Ina shirin cewa rubutun ya goge, Inna ta riga ni.

"Bar shi, sarkin yawo. Ƙawata, ni ban iya karatu ba, hoto nake bi. Amma matso. Idanun nan biyu a bayan bishiya, na wane ne?"

Malama ta kai fuskarta dab da takardar. Ni ma na duba. Duk shekarun da littafin ya yi a jakata, ban taɓa lura da su ba.

"To me ya hana mai littafin faɗa?" Malama ta tambaya.

"Ƙila sauri yake. Karanta mana nasa, ni in ƙarasa."

Malama ta karanta tana cije-cije, Inna na gyaɗa kai. Da ta kai ƙarshe, da hannunta ta mayar da littafin cinyar Inna, ta gyara zama.

"To Kaka, daga inda kura ta fito."