Tukwane Biyu a Cikin Gamba

Daren Laraba Malam Babayo ya ji wani abu yana kuka a bayan gida, kamar mutum na hura bakin kwalba. Ya san iska ce ke shiga wuyan tukunya. Can cikin filin, inda gamba ta shanye komai tun da aka sayar da shanu, akwai tukwane biyu binne rabi a ƙasa, ɗaya wajen kai, ɗaya wajen ƙafa. Tsakaninsu 'yarsa ta fari ce kwance, wadda ba ta kai yaye ba. Bafulatani ba ya ambaton ɗan fari, balle wanda ƙasa ta rufe. Ko 'ya'yansa ba su san da ita ba.

Da safe ɗansa Sharfaddeen ya kai shi wani shago kusa da Kasuwar Gombe, su zaɓi injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa.

"Macizai sun yi yawa, Baba. Shekaranjiya jikarka ta kusa taka kububuwa."

Injunan biyu ne, ja da kore. Babayo ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashinsu kamar mai duba hantsar saniya.

"Wanne ne wuƙarsa ta fi nisa da ƙasa?"

"Koren," in ji mai shago. "Amma sama-sama yake ci. Jan nan kuwa, ko suri ya tarar sai ya baje shi."

"Koren ya ishe mu."

Sharfaddeen ya yi dariya. "Baba, aski muka zo yi ko shafa kai?"

Aka ɗora jan a mota.

Da la'asar Babayo ya kutsa ciyawar da sanda don ya kafa alama wajen tukwanen, amma damina ta sauya masa filin, ya rasa wurin. Yana cikin lalube injin ya tashi. Ya ɗaga hannu don a tsaya. Sharfaddeen, daga bisa kujera, ya zaci gaisuwa ce, ya ɗago masa nasa.

Sai injin ya yi tari, ya tofar da wani abu can gefe, ya mutu.

Maƙwabcinsu Ɗantala, wanda shi ya haƙa kabarin a wancan zamani, yana tsaye yana kallo. Ya sunkuya ya ɗauki gutsuren tukunyar, ya share shi da bakin riga.

"Malam, wannan ta wajen kai ce, ko ta ƙafa?"