Kwayil na Ɗakin Kulu

Duk lokacin da aka kawo wuta, esin ɗakin Kulu sai ya yi ƙyas, ya buɗe baki kamar abin kirki, sannan ya rubuta E9 da jan haske ya yi tsit. Kwana hamsin da biyu ke nan yana haka. Kwana taran farko mijinta Jelani yana da rai.

Jelani mai gyaran esi ne, injin sanyaya ɗaki, rabin unguwar Mabera na da lambarsa a waya. Ba ya cikin masu gyaran nan da komai ya sami inji sai su ce gas ne ya ƙare, su ɗura masa har ya shaƙe. Shi sai ya auna. Kuma yana da wata ɗabi'a da abokan sana'a ke yi wa dariya: duk abin da ya cire daga inji, ko wanda zai saka, sai ya manna masa salatif na takarda ya rubuta sunan gidan da kwanan wata. Magana kam ba ta dame shi ba. Ana iya yi masa faɗa tun daga asuba har hantsi, iyakarsa ya sosa ƙeya.

Ranar ƙarshe ma faɗan aka yi. 'Yarsu Bahijja, mai shekara biyu, ta kwana kuka saboda ƙurajen zafi, Kulu kuwa ta cika ta batse.

“Kowa cikin Sakkwato na kwana cikin sanyi da hannunka, mu muna dahuwa,” in ji ta. “Kwana tara! In ba ka iya gyara na gidanka, ka bar ce ma mutane kai mai gyara na.”

“Ki yi haƙuri. Yau in Allah ya so.”

“Yau ɗinka ba ta ƙarewa.”

Ya ɗaura jakar kayan aikinsa a bayan babur, ya ce ya tafi. Shekara shida ba ta taɓa barinsa ya fita ba tare da ta ce a dawo lafiya ba. Ran nan ta juya masa baya ta ci gaba da wanke-wanke. Bayan la'asar tifa ta buge shi a hanyarsa ta dawowa daga Ƙofar Kware. Aka kawo mata jakar da igiyar ɗaurinta, ta tura ta ƙarƙashin gado, ba ta sake kallonta ba.

An yi arba'in, 'yan zaman makoki sun watse, aka bar ta da takaba da zafin bazara. Abin da ke cinta a rai ba mutuwar kaɗai ba ce. Haushinsa bai gama barinta ba, ga kunyar haushin kuma. In ta dubi jan E9 ɗin nan sai zuciya ta ce ai da gaske bai damu da ku ba, sannan ta tuna yadda ta sallame shi, ta rasa wanda za ta ba laifi.

Ranar Talata da hantsi Zulkifilu ya yi sallama. Abokin Jelani ne, rumfarsu ɗaya. A danginsu Jelani namiji baƙo ba ya wuce zaure sai mace ta fita takaba, ko da gobara ya zo kashewa, don haka ya tsaya bayan labulen ƙofar zaure suka gaisa, ya sake yi mata ta'aziyya.

“Maman Bahijja, an ce mani esinku bai yi. Mi yaka rubutawa?”

“E da tara.”

“Tau, bawul na. Shi ka buɗe ma gas hanya shi rage, gwargwadon sanyin da aka so. Akwai wani abu da aka kihe bisa kainai kamar hula, kwayil muka ce mai, shi ka juya shi. Ko waya ta kwance, ko kwayil ya ƙone, ko bawul ɗin ya cije. Ni ban iya shigowa, amma in kina iyawa, in hwaɗa maki ki yi.”

Kulu ta dubi Bahijja da ke kwance kan tabarma tana susar wuya. Ta ce tana iyawa.

Ya turo sukundireba da mita ta ƙarƙashin labule. Injin waje yana tsakar gida, a kan ƙarfe, gindin tagar ɗakinta. Ya ce ta kashe esin daga bango ta kunna, ta kasa kunne kusa da injin, za ta ji wani ƙas-ƙas-ƙas kamar agogo in bawul na motsi. Ta kunna, ta saurara har kunnenta ya taɓa ƙarfe mai zafi. Ba ta ji komai ba sai kukan kurciya a gidan maƙwabta.

“Kashe duka,” ya ce. “Ki jira minti biyar, kada ki taɓa komi, wuta na saura ciki.”

Ta jira. Ta kwance kusoshi huɗu, ɗaya ya faɗi ya gangara wajen rariya, ta bi shi da rarrafe. Murfi ya fito. Ta bi wayoyi biyar masu launi, kamar yadda ya kwatanta, har inda suka shiga allon injin, ta danna ta ji a zaune suke daram. Ya sa ta zare su, ta juya mita inda ya yi wa alama da alli, ta ɗora tsinke ɗaya kan jar waya, ɗaya kan sauran bi da bi.

“Kamata ya yi ki ga arba'in da wani abu. Mi kinka gani?”

“Ɗaya ɗai, can gehe. Ba ya motsi.”

“Duka?”

“Duka.”

“Ya ƙone ke nan. Kama shi ki murɗa kaɗan ki jawo sama.”

Ya fito cikin sauƙi, baƙin abu da bai kai kofin shayi ba. Da ta juya shi sai ta ga salatif a gefe, da rubutun da ko cikin duhu za ta gane. *Gidan Inna, Ƙ/Rini. Ƙonanne.* Kwanan watan na ranar da esinsu ya fara nuna E9 ne.

Inna mahaifiyarta ce, tana Ƙofar Rini, da hawan jini da ciwon numfashi. Esinta irin nasu ne sak, Jelani ne ya kafa duka biyun. Kulu ta karanta rubutun a fili.

“Zulkifilu, mi na na wannan?”

Ya yi gyaran murya. “Ashe nan ya ɗauko. Wallahi ban sani ba. Ranar na Inna ya tsaya, numfashinta ya tashi, munka duba shaguna babu irinai, sai an aiko daga Kano. Shi ya ce in tahi, shina da dabara. Nashi ya cire ya kai mata, ya kihe ƙonannen nan don kada ƙasa ta shiga ma bawul.”

“Don mi bai gaya mani ba?”

“Da kin ji, Inna ta ji. Kin san ba ta yarda jikarta ta kwana cikin zahi sabadda ita. Kuma suruki bai so a yi mai godiya.”

Haka ne, da ta faɗa wa Inna. Tun kafin ya ɗaure kusoshi da ta buga waya. Ta tuna Inna tana ta sa wa Jelani albarka a makon nan, ita kuwa tana tsaki a ranta, wai ga wani gidan kuma da aka fifita a kan nata.

“Saƙon Kano ya iso ranar da abin ya hwaru,” in ji Zulkifilu a hankali. “Wajen direba ya tahi amsa, Ƙohwar Kware. Duba jaka tai.”

Ta shiga ɗaki ta durƙusa ta jawo jakar. Ƙullin igiyar nasa ne, sai da ta sa haƙori. Ƙanshin man inji da na zufarsa ya taso mata, ta dafe gado. A saman filaya da ƙarafa akwai baƙar leda, a ciki sabon kwayil da wayarsa a naɗe. Ya riga ya manna masa salatif. *Ɗakin Kulu.* Da kwanan watan da aka rubuta a takardar asibiti ta rasuwarsa.

Ba ta san yadda ta kife shi a kan bawul ba, hawaye ya hana ta ganin komai, da lalube ta ji ya zauna. Ta mayar da wayoyi, ta rufe murfi, ta kunna. Injin ya yi ƙas-ƙas-ƙas kamar agogo. A ɗaki jan rubutu ya ɓace, ashirin da huɗu ta fito, iska ta fara saukowa, da ɗumi tukuna, sannan da sanyi.

Ta ɗauko Bahijja ta kwantar a gado. Yarinyar ta bar susa ta miƙe ƙafa.

“Maman Bahijja, ya tashi?” Zulkifilu ya tambaya daga zaure. Ya sake tambaya.

Kulu na zaune a ƙasa da jakar a cinyarta, sanyi na dukan bayanta. Da ta buɗe baki, ba zaure ta nufa da maganar ba.

“Sannu da aiki, Baban Bahijja,” ta ce.