Awon Ƙugun Mai Aski

"Ɗaga hannu mana," in ji Tela, yana zagaya tef a ƙugun maƙwabcinsa. "Kullum kana juya kawunan mutane, kai kuma ba ka juyuwa."

Mai Aski ya yi dariya, ya ɗaga. Shekara ashirin da shida bango ɗaya ne ya raba shagunansu, kuma duk tsawon lokacin nan awonsa talatin da takwas ne, ba ragi ba ƙari. Yau tef ya tsaya a talatin da biyar.

"Wa ya hana ka abinci?"

Mai Aski ya leƙa titi, sannan ya zaro takardar asibiti daga aljihu. Ciwon daji ne, a wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Za a ɗauki hoton ƙashi a ga ko ya bazu, daga nan a zauna a zaɓi magani. A ƙasa likita ya ja layi: ya zo da wani nasa.

"To, ka kira 'yarka," in ji Tela. Ita kaɗai ta rage masa tun rasuwar matarsa, tana aure a wani gari mai nisa.

"Da wane baki zan faɗa wa 'yar da na haifa inda ke mini ciwo? Ka rufa mini asiri. Rage wandon kawai, kada ya riƙa zamewa a gaban mutane."

Tela ya rage.

Ranar hoton, Mai Aski ya tafi shi kaɗai. Ya tarar kowa a layi da mai riƙe masa kati, ya zauna yana kallonsu, kafin a kira sunansa ya sulale ya dawo shago. Bai sake komawa ba.

Talatin da uku. Talatin da ɗaya. Tela gwani ne, kuma gwanintar ce ta cuce su. Ya san inda zai tattare, inda zai sa shafi, har riga ta zauna daram a jikin da ya ƙare. In 'yar ta kira ta bidiyo, sai ta ga Babanta fes, ta ce, "Baba, kullum ƙara yarinta kake yi." Ta bango Tela yake jin wannan, sai keken ɗinkin ya yi masa nauyi a ƙafa. Kunya yake ji, da tsoro.

Ranar da tef ya nuna ashirin da tara, ya fita bayan shago ya karya alkawari, ya kira 'yar Mai Aski a waya.

"Baba Tela, lafiya?"

"Ki zo, 'yata."

Ta ce jibi tana hanya. Washegari har rana ta take, shagon aski na rufe. Tela ya zagaya ɗakin da ke baya, ya same shi a kwance, fuska ga bango, takalmansa a jere, rai ya yi halinsa.

Sai bayan an kai shi ta iso. Da mutane suka watse, ta tsaya a ƙofar Tela, jakarta har yanzu a kafaɗa.

"Tun yaushe ka sani, Baba?"

"Wata bakwai."

Ya jira ta yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta gyaɗa kai, ta koma bencin da masu jiran aski ke zama, ta zauna daga can ƙarshe. Tela ya fito ya zauna a ɗaya ƙarshen. Inuwar rumfa ta yi ta janyewa daga ƙafafunsu, ba wanda ya matsa.