Yaya a Cikin Yashi

La'asar sakaliya, hadari ya haɗu ya ƙi zuba, ɗakin taron sai zufa ake yi. Auta na tsaye gefen farin ƙyallen da za a haska fim ɗinsa, yana goge tafin hannu a wando.

Fim ɗin ba na 'yan wasa ba ne. Yashi yake bazawa kan gilashi, fitila a ƙasa, ya ja da yatsa, ya ɗauki hoto, ya ɗan ture, ya sake ɗauka, har yashin ya koyi motsi. Labarin wani mutum ne da kansa ke tsagewa tsuntsaye su fito. Kowa ya tambaya sai ya ce ƙirƙira ce. Bai taɓa faɗin cewa shekarar da yayansa ya samu taɓin hankali, shi ne mai leƙe ta kafar ƙofa ba.

Ana kashe fitila sai ga Yaya ya shigo, ya zauna can baya. Auta bai gaya masa ba, ashe Inna ta yi suɓutar baki.

Mutumin yashi ya tashi salla. Ya ɗaga hannu zai yi kabbara, ya sauke, ya sake ɗagawa, ya sake saukewa, niyyar ta ƙi zama. Wasu samari suka kece da dariya. Auta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Haka Yaya yake yi a lokacin, har ɗan karkata wuyan nan, babu abin da ya rage.

Da aka gama aka yi tafi. Wani malamin zane ya riƙe wa Auta hannu yana ta zuba bayani kan ruhi da kurkukun jiki, sannan ya tambaye shi ina ya samo wannan. Auta ya ce a mafarki. Yaya na tsaye bayan malamin, yana ji.

Sai da jama'a suka watse Auta ya iya ɗaga ido.

"Yaya, da na san za ka zo..."

"Da ka yi me? Ka rage min hancin?" Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ƙyallen. "Ba tsuntsaye ba ne, Auta. Tsuntsu ai tashi yake ya tafi. Da ka tambaye ni, da na faɗa maka."

Auta ya juya wajen na'urar haska fim ɗin. Ya duƙa yana tattara kaya, wayar na'urar ta cukurkuɗe masa, yana ja tana ƙara ƙullewa. Yaya ya karɓa, ya warware ta a hankali, ya naɗe a gwiwar hannu, ya ajiye masa kan kujera, ya yi gaba.