Takalmi a Ƙofar Kanisa

Kwana uku ke nan Inna Safia ba ta karɓi komai daga hannun ɗanta Abdulghaffar ba. Idan ya kawo kunu sai ta juya fuska bango, har sai ƙanwarsa Mastura ta taso daga unguwar Madain Fahd a nan Jidda ta ba ta. Ga shi ciwo ya ci tsohuwar, likita ma ya daina maganar warkewa.

Hoto ne ya jawo. Shekara goma sha ɗaya Abdulghaffar yana tuƙa kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, Ammu Abdallah. Bana iyalin suka tafi yawon buɗe ido ƙasar Sifen, aka tafi da shi don ya riƙa tura tsohon a keken marasa lafiya. Suka je Toledo, wani tsohon gari a kan dutse mai matsattsun lunguna, a tsakiyarsa ga wata ƙatuwar kanisa, wato coci, ta ɗaruruwan shekaru. Da suka isa ƙofa ya ji sanyi ya buge shi, ya ga rufi can sama cikin duhu, mutane na magana ƙasa-ƙasa. Sai kawai ya sunkuya ya cire takalmi ya maƙala a bayan keken, bai ma yi shawara ba. Nuf, jikar tsohon, ta yi dariya ta ɗauke shi a waya. Kafin ya dawo Jidda hoton ya zaga unguwarsu ta Bani Malik, har wata maƙwabciya ta kai wa Inna shi a kan gadonta.

Inna ba shiga kanisar ce ta dame ta ba. Aiki aiki ne, Ammu ma ya shiga, amma da takalminsa. A saninta, ɗaki ɗaya ake cire wa takalmi don Allah, ɗakin da iyayenta suka yi shekaru suna takowa daga Damagaram saboda shi.

Mastura ta ja shi gefe ta ce ya ce sabon takalmi ne ya matse shi, halas, magana ta mutu. Shi kuwa ya san bai durƙusa ba, bai roƙi kowa ba. Amma ya kuma san nauyin da ya sauko masa a ƙofar nan irin wanda kan sauko masa ne a bakin masallaci. Tun daga ranar yake istigfari, bai tabbatar na mene ne ba.

Rana ta huɗu bayan azahar Inna ta sa aka kawo Alƙur'ani.

"Ɗora hannu. Ka ce ba girmamawa ba ce."

"Inna, ban yi sujada ba."

"Ba shi na tambaye ka ba, ya waladi."

Ya dubi ƙirjinta yadda yake ɗagawa da ƙyar. Idan ya faɗi gaskiya za ta tafi da fushinsa, ta kuma tafi da tsoron cewa ta haifi ɗan wuta. Ya ɗora hannu.

"Wallahi takalmin ne ya matse ni."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ya miƙo kunun. Ta sha cokali uku, ta dafa kansa ta sa masa albarka mai tsawo, Mastura na share hawaye. Ran Juma'a ta rasu.

A wurin zaman makoki duk wanda ya zo sai ya ce masa ya dace, uwa ta tafi tana mai yarda da shi. Ya riƙa amsawa da amin.

Bayan sati ya tafi unguwar Khumra, inda ba a san fuskarsa ba, ya tare wani limami bayan la'asar ya tambaye shi kaffarar rantsuwa a kan ƙarya. Limamin ya ce wadda aka yi da sani ba ta da kaffara, sai dai tuba, sai kuma mutum ya koma wurin wanda ya rantse wa ya gyara. Ya tambaye shi ko mutumin yana nan kusa.

Abdulghaffar ya ce a'a.