Malama a Ƙarƙashin Ɗalibarta

A ƙasarsu kowa Malama yake ce mata, har likitoci. Ta kusa shekara ashirin tana koyarwa a makarantar jinya, tana zagaya ɗakunan marasa lafiya da ɗalibai a bayanta. Da ta zo wannan ƙasa sai aka ce duk wannan bai isa ba, sai ta sami lasisinsu. Aka aika gida a tantance takardunta, aka yi watanni ana jiran amsa. Ta zauna jarrabawar harshe sau biyu, ta zauna ta aikin jinya. Kafin nan ta kama aiki a gidan kula da tsofaffi, tana yi musu wanka, tana juya su a gado, tana ba su abinci a baki. Doka ba ta yarda ta taɓa allura ba. Haka ta yi shekara biyu da ɗoriya, maigidanta da 'ya'yansu suna can gida suna jiran ta sami lasisi ta ɗauko su.

Abin da ya rage mata shi ne ta yi wata uku a asibiti a ƙarƙashin wata nas mai lasisi, wadda za ta sa ido a kan aikinta, in ta gamsu ta sa hannu.

Ranar farko aka kai ta wani ƙaramin ofis. Wata gajeriyar mace mai tabarau ta juyo, ta ajiye kofin shayinta, ta ɗan rusuna.

"Ina kwana, Malama. Ba ki gane ni ba, ko?"

Malama ta ƙura mata ido. "Sarkin Barci? Ke ce?"

Ita ce kuwa. Yarinyar da take zama a bencin baya, da an fara darasi sai ta jingina kai da bango. Malama ce ta laƙaba mata sunan, ya bi ta har ta gama makaranta. Ta riga Malama zuwa wannan ƙasa da shekaru, yanzu ita ce mataimakiyar shugabar ɗakin marasa lafiyar da aka tura Malama, ita ce kuma za ta sa ido a kan aikinta. Suka yi dariya, suka tambayi mutanen gida. Malama ta koma masaukinta ranta fari, tana cewa Allah ya kawo mata sauƙi.

Makonnin farko sun tafi lafiya, sai dai gajiya. Komai a nan sai an shigar da shi kwamfuta, yatsun Malama kuma ba su saba ba. Ƙafafunta kan kumbura kafin la'asar. Sarkin Barci takan tsaya a gefenta, hannu a baya, ta ce, "Malama, nan za ki danna," cikin ladabin da ya fi tsawa nauyi a kunnen Malama.

Wata safiya aka ce a sa wa wani tsoho allurar ƙarin ruwa. Tsohon ya rame, fatar hannunsa duk ta saki. Malama ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta ɗaure masa dantse, ta laluba. Ta soka, jijiya ta zille. Ta ba shi haƙuri, ta koma ɗaya hannun. Nan ma jijiyar ta fashe, wurin ya tashi ya yi duhu. Tsohon ya runtse ido.

Ƙa'idar asibitin ita ce in ka gwada sau biyu ba ka samu ba, ka miƙa wa wani. Malama ta san da haka. Amma hannunta ya riga ya kai ga sabuwar allura, ta ɓare ledar.

"Malama, ki tsaya," in ji Sarkin Barci a hankali.

"Na gan ta. Ga ta nan."

"Na sani. Ki ba ni."

Malama ta miƙa mata. Sarkin Barci ta ɗumama hannun tsohon da tawul, ta jira, ta soka sau ɗaya, jini ya biyo. Malama ta tattara auduga ta zuba a kwandon shara.

Da rana suka haɗu a ɗakin cin abinci, su biyu kaɗai, firji yana ta gurnani. Sarkin Barci ta ajiye cokali ta yi magana.

"Malama, ba zan iya sa hannu a kan allura yanzu ba. Zan nemi a ƙara miki wata ɗaya."

"Ni na koya miki riƙe allura."

"Ke ce, Malama. Ban manta ba."

"To?"

"Hannunki ya daɗe bai yi ba. Ba laifinki ba ne, hukumomin nan ne suka zaunar da ke. Amma kin kai hannu ga ta uku a gabana. In na sa hannu gobe wani abu ya faru, ni da ke duk za a karɓe mana lasisi. Ni ma ina da yara a makaranta."

Malama ta so ta yi faɗa, ta nemi ƙarfin yi ta rasa. Ta dubi hannuwanta a kan tebur. Sabulun wankan tsofaffi ya busar da su, yatsun sun yi kaushi. Ta san abin da ta ji ɗazu: jijiyar tana nan, yatsun ne ba su gaya mata daidai ba.

"Da ni ce a kujerarki, wata biyu zan ƙara," ta ce daga ƙarshe.

"Ai na tuna halinki, Malama."

Da yamma a tashar bas maigidanta ya kira. Tana jiyo hayaniyar yaran a bayansa.

"Maman yara, ya aikin? Auta tana tambaya ko ta fara haɗa jakarta."

"Ka ce ta dakata. An ƙara wata ɗaya."

Ya ce, "Wani abu ya faru ne?"

"Hannuna ne ya yi sanyi, Baban yara. Sai na sake koyo."

"Ke ɗin?"

"Ni ɗin."

"To Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ki ci abinci dai."

Akwai ɗakin koyo a hawa na ƙasa, inda aka ajiye hannun roba mai jan ruwa a cikin jijiyoyinsa. Kullum in ta tashi aiki sai ta sauka can, ta bi layi a bayan ɗalibai sa'annin babbar 'yarta. Suna hira suna dariya, ita tana tsaye tana sauya ƙafa saboda ciwon baya. In layi ya zo kanta ta soka, ta cire, ta koma baya. Daga roba aka mayar da ita kan marasa lafiya masu manyan jijiyoyi, daga nan zuwa tsofaffi. A ƙarshen watan Sarkin Barci ta tsaya ta kalle ta ta sa wa wata tsohuwa allura, sannan ta je ta sa mata hannu.

Saƙon lasisin ya shigo wayarta ranar hutunta, tana shanya rigunan aikinta a jikin taga. Ta karanta sau biyu, ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana zaton ranar nan za ta yi kuka ko guɗa, sai ta ji kawai bayanta yana ciwo. Ta kira gida.

"Alhamdu lillahi," in ji maigidan, yara suna ihu. "Yanzu sai me?"

"Yanzu sai takardunku. An ce su ma suna ɗaukar lokaci."

"Kamar yaushe?"

"Ban tambaya ba tukuna. Bari in huta yau, gobe in na tashi aiki zan je in ji."

Ta ajiye wayar, ta tashi ta ƙarasa shanyar, don rigar da za ta sa da safe ba ta bushe ba.